Noti ɗaya a aljihun Sha-Bakwai

Tun yana saurayi ake kiransa Sha-Bakwai, saboda sifanar ɗaure noti mai lamba sha bakwai da ba ta rabuwa da aljihun wandonsa na baya. Matarsa ma da haka take kiransa idan ranta ya ɓaci, idan kuwa ana zaman lafiya sai ta ce Baban Auta. Da injin niƙa ya fara, ya koma gyaran janareta, daga nan ya shiga garejin wani kamfanin manyan motocin fasinja, inda ya yi shekara ashirin da shida a cikin rami yana kallon motoci ta ƙasa. Da ya ajiye aiki sai ya kafa rumfar kwano a gefen gidansa, ya haƙa ɗan rami, ya ci gaba da abin da ya iya. Ba ya karɓar mota fiye da biyu a lokaci guda, kuma ba ya son mai mota ya tsaya masa a ka.

Tsari aka san shi da shi. Yana da wani tsohon farantin ƙarfe mai faɗi, duk abin da ya kwance a mota a kai yake jera shi, na farko a hagu, na ƙarshe a dama. Idan ya gama aiki ya ga ko washa ɗaya ta rage, ba zai ba da makulli ba sai ya gano gurbinta, ko da mai motar zai yini yana tsaki.

'Ya'yansa uku ne. Mazan biyu ba wanda ya taɓa son warin baƙin mai, ɗaya ya zama malamin makaranta, ɗaya yana aikin ofis a wani gari. Autar ce ta tashi a bakin ramin, tana miƙa masa kaya tun kafin ta iya karanta lambobin da ke jikinsu. Yanzu ta haura talatin, tana aikin haɗa na'urorin asibiti da gyara su, yau tana wannan gari gobe tana wancan. Ita ce ta sayi motar da ta hana uban sukuni: wata 'yar gajera mai ƙofa biyu, koriya shar, cikinta kamar zai shafi ƙasa, irin waɗanda ake ƙerawa don gudu. Na hannu ta saya. Ranar da ta kawo ta, ya zagaya ta sau biyu, ya ce wannan ai takalmi ne aka sa wa inji. Bai taɓa yarda ya shiga ba.

Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba. Wajen wata shida ke nan abubuwa na zille masa. Ya taɓa ɗora ruwan zafi ya fita, sai ƙaurin butar ya dawo da shi. Ya kira wani mai mota da sunan ƙaninsa da ya rasu shekara tara da suka wuce. Wata rana yana dawowa daga kasuwa ya tsaya a mahaɗar da ya bi sau dubu, ya rasa dama zai yi ko hagu, har mai babur na bayansa ya yi ta danna masa oda. Kowane ɗaya ya samar masa dalili: gajiya ce, zafi ne, maganin hawan jinin da aka canza masa ne. A wurin aiki dai hannunsa bai taɓa ba shi kunya ba, kuma da wannan yake rarrashin kansa.

Ranar wata Asabar Auta ta iso da ƙarfe bakwai na safe. Ta ce duk lokacin da ta canza giya ko ta taka totur da ƙarfi sai ta ji wani gum daga gaba, kamar an buga ƙofa da kafaɗa, ga shi dole ta kama hanya kafin azahar. Tafiyar awa huɗu ce, rabinta hawan dutse, kuma washegari da safe ake jiranta ta haɗa wata na'ura.

Ya sa ta tayar da motar, ta ja birkin hannu, ta sa giya ta ɗan saki kuloci. Yana tsaye a gaba, bonet a buɗe, ya ga injin ya ɗaga kafaɗarsa ta hagu ya koma. Bai buƙaci ƙarin bayani ba. Kujerun inji ne, wato ƙafafun nan biyu da inji ke zaune a kansu, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙarfe sama da ƙasa, roba a tsakani don ta shanye girgiza. Wanda ya riƙe motar kafin ita ya cire na kamfani ya sa wasu na kasuwa masu taurin tsiya, irin waɗanda masu son gudu ke so. Da su inji ba ya lilo, mota tana amsa ƙafa nan take, amma duk girgizar a kan notuna take ƙarewa, ta yi ta sassauta su a hankali har su saki.

Ya ce mata gyaran gaskiya shi ne a mayar da na kamfani. Ta ce ta sani, ta ma yi oda, sai nan da mako uku za su iso. Ya ce to a ajiye motar ta hau ta haya. Ta nuna masa akwatunan kayan aikinta a but, ta yi masa irin kallon da take yi masa tun tana 'yar shekara biyar. Ya yi ƙwafa, ya tafi shagon kayan mota da ke bakin layi ya sayo sababbin notuna masu zoben roba a ciki, waɗanda ba sa warwarewa da kansu, da ɗan kwalbar gam ɗin noti.

Aikin ba wuya gare shi ba, matsi gare shi. Sai da suka jera katakai kafin motar ta hau bakin ramin ba tare da ta kankare cikinta ba. Ya tokare injin da jak, ya sa guntun katako a tsakani don kada ya lotsa tukunyar mai. Notuna huɗu ne, sama da ƙasa a kowane gefe. Ya kwance tsofaffin ya jera a faranti. Sababbin kuwa, da yake wurin ba ya ɗaukar hannu biyu balle faranti, sai ya juye su daga takardar zuwa aljihun rigarsa yana zaro su ɗaya bayan ɗaya. Ya goge zaren kowane ƙarfe da buroshi, ya daidaita kujerar dama, ya ɗiga gam, ya ɗaure da doguwar sifanar nan da ke yin ƙas idan ɗauri ya kai. Ya koma hagu. Yana cikin laluben na sama, wanda ba a ganinsa sai dai yatsa ya gani, matarsa ta ƙwala masa kira daga cikin gida: bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fashe, ruwa har ya kai falo.

Ya fi minti ashirin a kicin, a durƙushe cikin ruwa. Da ya fito, wani maƙwabci ya tsayar da shi da gaisuwa da labarin ciwon gwiwa. Auta tana ta duban agogo. Ya sauka ramin, ya haska tocila, ya sauke jak, ya ce ta tayar. Injin ya zauna daram. Ƙarfe sha ɗaya da rabi ta durƙusa ta yi musu sallama, ta jefa jakarta a but, ta tafi.

Sai da ya zauna cin abincin rana, ya sa hannu a aljihun riga zai ɗauko ƙwayar maganinsa, yatsunsa suka taɓa ƙarfe. Ya fito da shi ya ajiye a tafin hannu. Sabon noti ne, zoben robarsa lafiya lau, bai taɓa hawa kan zare ba.

Matarsa ta ce ya ci abinci mana, yana huce masa. Bai ji ta ba. Ya tashi ya fita rumfa ba takalmi. Tsofaffin notuna huɗu suna kan faranti. Takardar shagon tana ƙasa, babu komai a ciki. Ya sauka ramin ya tsaya daidai inda ya tsaya ɗazu, ya ɗaga hannu sama cikin iska, yana ƙoƙarin tuna abin da hannun ya yi. Dama ƙasa, ya ji ƙas. Dama sama, ya ji. Hagu ƙasa, yana jin ya ji. Hagu sama kuwa babu komai a kansa, daga kiran matarsa sai ganin kansa yana sauke jak, tsakaninsu fili fetal kamar an goge allo.

Ya san abin da inji ke yi idan kujera ɗaya ta sake shi a kan hawa. Zai ɗago, fanka ta ci tiyon ruwa ko ta daki lagireto mai sanyaya inji, giya ta iya fita da kanta, wayar totur ta iya maƙalewa mota ta ƙi rage gudu. A kamfani ya taɓa zuwa ɗauko wata da hakan ta same ta, kuma bai manta yadda ya tarar da ita ba. Abin haushi, wannan bai goge ba.

Ya kira wayar Auta, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake, ya kuma sakewa. Shi da kansa ya kafa mata dokar tun ranar da ya koya mata tuƙi: waya a jaka, jaka a but, ba a taɓa ta sai an kashe mota. A cikin 'ya'yansa ita kaɗai ce ke bin dokarsa sau da ƙafa.

Matarsa ta biyo shi da takalmansa a hannu. Ya nuna mata notin, ya yi mata bayani a gajarce. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce masa komai a kan mantuwa ba, ta dai karɓi tata wayar ta shiga kira ita ma. Ya ruga shagon bakin layi ya tambayi mai shagon ko guda nawa ya ba shi da safe. Mutumin ya ce huɗu ya ce a ba shi, to amma shi da hannu yake ɗiba, wani lokaci yakan ƙara ɗaya saboda suna faɗawa rami su ɓace. Yau ya ƙara ko bai ƙara ba? Ya sosa ƙeya ya ce wallahi ba zai yi rantsuwa ba, mutum nawa suka shigo tun safe.

Daga nan gidan Dogo ya nufa, abokinsa tun zamanin kamfani, wanda yanzu yake da tsohuwar motar janwe ta jan motocin da suka lalace. Ya same shi a kwance a inuwarta. Dogo mutum ne mai barkwanci, ko a wurin jana'iza sai an harare shi, amma da ya ga fuskar Sha-Bakwai sai ya miƙe kawai ya ɗauki makulli. Suka loda jak, da katakai, da doguwar sifana, da kwalbar gam. Ƙarfe ɗaya da kwata suka hau babbar hanya.

Janwen ba ta wuce sittin. Dogo ya ce idan ya matsa mata ta kai saba'in, sai ta fara neman gafarar duk wanda ta taɓa ɓata wa rai. Sha-Bakwai bai yi dariya ba. Lissafi yake yi: a irin tafiyar Auta, awa biyu za su kai ta gindin dutsen, ke nan yanzu tana dab da fara hawa, ko ta ma fara. Yana riƙe da waya a hannun dama, noti a hagu, ya matse shi har ya yi masa shaida a tafi. Duk motar da ta taho daga gaba sai ya leƙa fuskar direban, ko zai ga alamar wanda ya wuce wani mugun abu.

Sun yi kamar rabin awa sai motoci suka fara rage gudu. Can gaba mutane sun taru a gefen titi, ga fasassun gilasai suna ƙyalli a kan kwalta. Kafin Dogo ya gama tsayawa ya riga ya buɗe ƙofa ya dira. Ya kutsa cikin mutanen yana ture su, idonsa na neman kore. Wata motar ɗaukar kaya ce tayarta ta fashe ta kwanta a gefe, buhunan siminti sun watse, direban yana zaune a kan ɗaya yana waya, ko ƙwarzane babu. Sha-Bakwai ya juyo ya koma cikin janwen. Dogo ya ja suka ci gaba.

Ba su yi nisa ba wayar ta yi ƙara a hannunsa, saura kaɗan ya yar da ita.

"Baba, lafiya? Kira talatin da ɗaya na gani. Mama ce?"

"Mamanki lafiya. Kina ina? Motar a kashe take?"

Ta ce a kashe take, tana gidan mai na ƙarshe kafin a fara hawa. Sannan ta ce dama tun ɗazu take zaune a ciki tana tunanin yadda za ta kira shi. Da ta zo wuce wata babbar mota ta taka sosai, ta ji gum ɗin ya dawo, ƙarami dai, amma shi ne.

"Kada ki sake tayar da ita," ya ce. "Ko matsar da ita aka ce ki yi, a tura. Ga mu nan."

Ya kira matarsa ya gaya mata. Daga nan har suka isa Dogo ne ya yi ta zuba shi kaɗai, yana ba gilashin gaba labarin wani shugabansu na da.

Wajen ƙarfe huɗu suka same ta a inuwar gidan man, ta riga ta canza zuwa rigar aiki, ta buɗe bonet injin ya huce. Dogo ya ɗaga gaban motar da ƙugiyar janwe, suka tokare da katakai, uba da 'ya suka kwanta a kan kwali suka shige ƙasa. Ta haska. Dama ƙasa yana nan, dama sama yana nan, hagu ƙasa yana nan. Ya tura hannu ta bayan salansa yana lalube. Hagu sama ma yana nan. Mai shago ya ƙara ɗaya ke nan.

Kafin ya sauke numfashi yatsansa ya ji rata. Notin yana tsaye a tsakiyar ƙarfen, tsakaninsa da inda ya kamata ya zauna yatsa na shiga. Da hannu ya murza shi da safe har ya kai zoben roba ya cije, daga nan aka kira shi, bai taɓa ɗora masa sifana ba, gam ma bai gani ba. Kujerar ta goce daga gurbinta, ta bar sabon ƙwarzane mai sheƙi a jikin ƙarfe. Auta ta kai hasken kan tiyon ruwa, suka ga inda fanka ta fara lasarsa.

Suka tokare injin da jak, suka dawo da kujerar daidai. Ya cire notin, ya goge zaren, ya ɗiga gam. Da ya zo ɗora sifana sai bakinta ya yi ta zamewa. Sau uku yana gwadawa. A na huɗu ya miƙa mata. Ta ɗaure a hankali har sifanar ta ce ƙas. Ya ce ta bi sauran ukun ma, kada ta yarda da shi. Ta bi su, duk suna nan daram. Tiyon suka naɗe da tef, suka ɗan ja shi nesa da fanka, ya ce zai kai ta ya dawo da ita amma a canza shi cikin makon.

Da suka fito ya zauna a kan dakalin gidan man, Dogo ya ba su wuri ya tafi neman ruwan sanyi. A nan ya gaya mata komai, butar, da sunan ƙaninsa, da mahaɗar, yana magana yana kallon hannuwansa. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce Mama ta gaya mata tun wata biyu da suka wuce, ita ce ma take bin bayansa tana kashe abin da ya bari a kunne, ta hana a yi masa maganar don kada ransa ya ɓaci.

"Da safe na so in leƙa kafin ka sauke jak," ta ce. "Kunya ta hana ni. Yaya zan duba aikinka a gabanka?"

"Daga yau ki duba," ya ce. "Ko ina kallo."

Ta ci gaba da tafiyarta, su kuma suka juyo. Kafin su kai gida ta kira ta ce ta sauka lafiya, ba ta ji ko ƙis ba.

Bayan mako uku kujerun kamfani suka iso. Ita ta shiga ramin ta sa su, shi yana zaune a kan benci yana faɗa mata abin da ta riga ta sani. Ta yi ta mitar cewa motar ta zama lagwani, ba ta amsa ƙafa kamar da. A watan ne ya daina karɓar aikin birki da na sitiyari, ya koma canjin mai da gyaran janareta, kuma duk motar da zai sallama sai Dogo ya biyo ya bi bayan aikin, yana yi yana tsokanarsa wai ɗalibi ya zama mai duba jarrabawa. Wasu masu motocin suka daina zuwa. Bai tambaye su dalili ba.

Asibiti kuwa sai da aka yi da gaske kafin ya yarda. Matarsa ta raka shi. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta sa ya zana agogo, ya zana shi tsaf har da ƙananan layuka. Ta faɗa masa kalmomi biyar ta ce ya riƙe, ta ɗauke hankalinsa da wasu tambayoyi, sannan ta ce ya maimaito. Ya kawo uku. Ta ce ba za ta yanke komai yanzu ba, akwai abubuwa da dama da ke kawo haka, wasu ana maganinsu, a ɗibi jini, a sake duba maganin da yake sha, su dawo bayan wata uku.

Suna tafiya a dogon barandar asibitin yana ta motsa baki. Sun kusa ƙofar fita ya tsaya cak ya ce taga, ta huɗun taga ce, ya juya zai koma ya gaya wa likitar. Matarsa ta riƙe hannun rigarsa, ta ce ai wani ya riga ya shiga, ya bari sai sun dawo. Ya ce ta rubuta masa a takarda. Ta buɗe jaka tana neman biro, shi kuma ya tsaya a gefen hanya yana ba masu wucewa wuri, yana laluben ta biyar.